Kafin ka kashe kuɗi a kan giyar ale (wani nau'in giyar sha'ir) mai wuyar samu

Ni dai shawarata ga duk mai neman irin giyar nan ta ƙananan masu haɗawa, ka fara duba ranar da aka ɗura ta a kwalba tukuna kafin ka duba suna, don sunan ne ke sa mutane biyan kuɗi da yawa a kan abin da ɗanɗanonsa ya riga ya gushe.

Ɗauki Pliny the Elder ta kamfanin Russian River a Kalifoniya, barasarta kashi 8 cikin ɗari, duk daɗinta yana cikin ƙamshin furen hop ne, wato furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, kamar ɓawon lemo da ɗan ɗaci mai tsabta, kuma ƙamshin nan gudu yake yi, su kansu masu yin ta sun rubuta a jikin kwalbar cewa kar a ajiye ta. In ta yi watanni a hanya ko ta sha zafi to bar ta kawai.

Westvleteren 12 kuwa akasin haka ce. Sufayen Kirista na gidan Sint-Sixtus a Beljiyam ne ke yin ta, kashi 10.2, baƙa-baƙa mai kauri, ɗanɗanon zabibi da ɓaure da sukarin da aka ƙona, ita shekaru ma gyara ta suke yi in an ajiye ta a wuri mai sanyi da duhu. Matsalar samu ce, sai ka yi rajista ta intanet, kuma sun hana a sake sayarwa, shi ya sa wadda ake gani a hannun 'yan tsakiya tsadarta ta wuce misali kuma ba ka san yadda aka ajiye ta ba. Gaskiya ni St. Bernardus Abt 12 nake ce wa mutane su fara gwadawa, kamfanin ya yi wa sufayen nan giya daga 1946 zuwa 1992, ɗanɗanon na kusa sosai kuma samunta ba wuya.

Sai Orval, ita ma ta Beljiyam, kashi 6.2, wadda na fi so a raina. Akwai wani yisti na daji a cikinta da ke ci gaba da aiki a kwalba, sabuwa ɗaci da ƙamshi, mai shekara biyu kuma ta bushe ta ɗauko ɗan tsami, kamar ba giya ɗaya ba. In za ka saye ta saya biyu, ka buɗe ɗaya yanzu, ɗayar ka rubuta mata kwanan wata ka ɓoye.