Filastar buɗe hanci: rabin aiki take yi

Duk hunturu hancina toshewa yake yi, sai in koma numfashi ta baki. Da dare minshari, da asuba maƙogwaro a bushe ƙamas, ga warin da asuwaki ba ya kora da wuri. Likitan haƙori ne ya fahimtar da ni cewa yawu ke wanke baki. In ya ƙafe, ƙwayoyin cuta sun samu fili, sai ruɓewar haƙori da kumburin dasashi su biyo baya. Hanci yana tace ƙura, ya ɗumama iska ya jiƙa ta. Baki ba ruwansa da wannan.

Shi ya sa na sayi filastar nan da ake mannawa a karan hanci, a wani kemis da ke unguwarmu. Ba magani a jikinta. 'Yar roba ce mai tauri a ciki, tana son miƙewa, sai ta ɗaga gefen hancin biyu. Ina mannawa na ji iska ta ƙaru, kuma uwargida ta ce minsharin ya ragu, ita ce kuwa alƙali a wannan shari'a.

Matsalarta maiƙo. Lokacin sanyi kowa na shafa basilin ko man kaɗe, ita kuwa in fata da mai ba ta kamawa, tsakar dare sai ka tsince ta a kan matashi. Sai an wanke hanci da sabulu an tsane. Wajen cirewa a jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin alwalar asuba, in aka fizge tana barin ja. Sau ɗaya ake amfani da kowace, kaya ne kuma na waje, don haka aljihu yana ji. Ranar da mura ta kama ni sosai ba abin da ta tsinana, ruwan gishiri na wanke hanci ya fi ta.

Mai kemis ya so haɗa mini da wadda ake liƙe baki da ita, irin ta 'yan TikTok. Na ce, "Malam, hancin a toshe, kuma in rufe bakin?"

Yara kam kada a saya musu don sun saki baki. Mu nan da an ga yaro baki buɗe sai a ce gaula ne, a daka masa tsawa wai ƙuda zai shiga, alhali sau da yawa tsokar bayan hanci ce ta kumbura ta tare hanya. Wannan aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne. Haka babban da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya farka a firgice yana haki, filasta ba za ta yi masa komai ba, asibiti zai je.