Gidan shayin da ya fassara mana gwamnatin haɗakar Afirka ta Kudu

Akwai wani gidan shayi a ɗaya daga cikin layukan da suka ɓalle daga Titin Gidan Zoo a Kano wanda na fara zuwa a ƙarshen watan Mayun 2024, kuma har yau ban daina ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin yin magana a kansa. Rumfa ce ta kwano mai ɗan faɗi, da dogayen bencina, da kujerun roba, da talabijin guda ɗaya da aka kafe can sama a jikin bango. Abin da ya raba shi da sauran teburan masu shayi shi ne, da zarar an idar da sallar Isha'i mai wurin yakan kamo tashar labaran ƙasashen waje, sai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Malam, ya rage muryar talabijin ɗin yana mayar da abin da ake faɗa zuwa Hausa. Ba a karɓar ko sisi a kan wannan.

Shayin nasa yana da kyau ƙwarai. Ana dafa shi da citta da kanumfari da na'ana'a, kuma ba a zuba maka sukari sai an tambaye ka. Wainar ƙwai tana samun albasa da attaruhu yadda ya kamata, gurasar ma sabuwa ce kullum, sai dai indomin takan yi ruwa idan mutane suka yi yawa. Farashin ya ɗan ɗara na bakin titi, amma bai kai a yi ƙorafi ba.

Inda na gane darajar wurin shi ne lokacin zaɓen Afirka ta Kudu na ranar 29 ga Mayu, 2024, a daidai lokacin da maganar masarauta ta cika garin Kano har ba a jin wani zance. Da sakamako ya fito, jam'iyyar ANC, wadda ke mulki tun 1994, ta sami kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, wato kujeru 159 daga cikin 400 na majalisar dokokin ƙasar. DA, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, ta sami 87, MK ta tsohon shugaban ƙasa Jacob Zuma 58, EFF ta Julius Malema kuma 39. Nan take wani matashi ɗan adaidaita sahu ya ce to ai magana ta ƙare, tunda ANC ce ta zo ta ɗaya sai a rantsar da ita. Malam bai tsaya dogon bayani ba. Ya karɓi kwalin sukari daga hannun mai shayi, ya ƙirgo ƙwaya 40 a kan tebur, ya ce kowace ƙwaya kujera goma ce. Ya ware 16 gefe guda, 9 a wani gefen, sannan 6, sannan 4, ya bar ragowar a tsakiya, ya dubi matashin ya ce: “Yaro, a can majalisa ce ke zaɓen shugaban ƙasa, kuma sai ka haɗa fiye da rabin sukarin nan. Nuna min yadda mai 16 zai yi shi kaɗai.” Matashin ya daɗe yana tura ƙwayoyin da ɗan yatsa, yana haɗa wannan tsibi da wancan, kafin ya ɗago ya ce, “Wallahi Malam, sai dai ya nemi abokin tafiya.” Ban taɓa ganin an bayyana tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u cikin sauƙi irin haka ba.

Daga nan ne mutane suka fara auna abin da ma'aunin gida. Wani ya tuna cewa a 2023 Bola Tinubu ya zama shugaban ƙasa da ƙasa da kashi 37 cikin 100, ya kuma kafa gwamnatinsa ba tare da dole ta sa shi zama da kowa ba, alhali ga mai kashi 40 yana bin ƙofa-ƙofa. Wani kuma ya kawo zaɓen gwamnan Kano na wannan shekarar, inda Abba Kabir Yusuf ya sami ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Gawuna ya sami 890,705, ya ce a tsarin can ƙuri'u irin waɗannan kujeru suke komawa a majalisar lardi, majalisar kuma ta zaɓi wanda zai jagoranci lardin.

Muhawarar ta yi zafi ne bayan da aka ji ANC ta kama hannun DA, tare da IFP da wasu ƙananan jam'iyyu, a abin da suka kira gwamnatin haɗin kan ƙasa. Samarin da ke bin jawaban Malema a waya sun kira abin cin amana, suna cewa yaya jam'iyyar Mandela za ta raba mulki da jam'iyyar da ake wa kallon ta fararen fata, bayan duk wahalar da aka sha a zamanin wariyar launin fata. Malam ya gaya musu gaskiya cewa ba su kaɗai ke jin haka ba, domin ƙungiyar ƙwadago ta COSATU da jam'iyyar Kwaminisanci, waɗanda tsofaffin ƙawayen ANC ne, sun nuna ƙin amincewa da haɗa kai da DA, amma ya tuna musu cewa Mandela kansa ya yi mulki da de Klerk, shugaban ƙasa na ƙarshe a zamanin wariyar, a matsayin mataimaki daga 1994 har 1996. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ce shi abin da ya duba shi ne darajar kuɗin ƙasar ta ɗaga da aka ji labarin yarjejeniyar, kuma kasuwa ba ta son komai kamar kwanciyar hankali.

Wanda maganarsa ta fi zama a raina wani dattijo ne da ya yi PRP tun yana saurayi. Ya ce haɗin gambiza ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: bayan zaɓen 1959 NPC da NCNC ne suka haɗu aka kafa gwamnatin Tafawa Ɓalewa, alhali NEPU ta Malam Aminu Kano ƙawance take da NCNC ɗin, kuma a 1979 NPN ta ƙulla yarjejeniya da NPP, wadda ta watse a 1981. Ya kuma tuna yadda majalisar Kaduna da NPN ke da rinjaye a ciki ta hana Balarabe Musa kwamishinoni har ta tsige shi a 1981. A ganinsa, ƙawancen da aka gina a kan rabon muƙami kaɗai ba ya jure rana. Da aka zo maganar lardin KwaZulu-Natal, inda MK ta zo ta ɗaya da kujeru 37 cikin 80 amma IFP da ANC da DA da NFP suka haɗa 41 suka bar ta a waje, sai wurin ya rabu biyu. Wasu suka ce wannan ƙwace ne da rana tsaka, wasu suka ce lissafi ne kawai, tunda 41 ta fi 37. Ni ina tare da na biyun, amma akwai ƙorafin da ban iya amsawa ba, wanda wani tela ya yi: mai jefa ƙuri'a jam'iyya ya zaɓa, bai san da wa za a ɗaura mata aure ba sai bayan ya koma gida, kuma ba shi da ɗan majalisar mazaɓarsa da zai je ya buga wa ƙofa. A garin da mutum ya saba sanin gidan wakilinsa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Dole in faɗi inda wurin ya gaza. Ranar Juma'a 14 ga Yuni, kwana biyu kafin Babbar Sallah, ita ce ranar da majalisar ta zauna zaɓen shugaban ƙasa, kuma a daren ne aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Turai da wasan Jamus da Sikotilan. Talabijin ɗaya ne, masu ƙwallo sun fi yawa, don haka mai wurin ya miƙa musu rimot. Mu da muka shafe mako biyu muna bin labarin muka koma bayan rumfa muka duƙa a kan wayar mutum ɗaya, a nan muka ga Cyril Ramaphosa na ANC ya sami ƙuri'u 283, Malema 44. Abin ya ɓata min rai, domin wanda ya gina sunansa a kan labarai bai kamata ya ajiye su a daren da suka fi muhimmanci ba. Haka kuma ƙarar janareta tana danne muryar Malam ga wanda ya zauna a bencin baya, hayaƙin suya yana shigowa idan iska ta juyo, kuma babu wani ɓangare da aka tanada wa mata. Shi ma Malam wani lokaci yakan cakuɗa fassara da ra'ayinsa. Na yi masa magana cikin ladabi, ya karɓa, tun daga nan idan zai faɗi nasa sai ya ce, “Wannan kuma tawa ce, ba tasu ba.”

Wurin bai saki labarin ba bayan an rantsar da ministoci, ciki har da shugaban DA na lokacin, John Steenhuisen, da aka ba ma'aikatar noma. A watan Afrilun 2025, da DA ta ƙi goyon bayan tsarin kasafin kuɗi saboda ƙarin harajin kayan masarufi, dattijon nan ya ce ga abin da ya faɗa ya fara fitowa. Daga baya aka janye ƙarin, gwamnatin ba ta rushe ba, aka ci gaba da zaman doya da manja, shi kuma ya amsa a gaban kowa cewa ƙawancen ya fi ƙarfin da ya zata.

Wanda zai je ya zaɓi daren da babu babban wasa, ya isa da wuri bayan Isha'i domin ya sami bencin gaba, nesa da janareta. Mai wurin ya gaya min yana tara kuɗin talabijin na biyu, har ya nuna min inda zai kafe shi a bangon gabas, amma zuwana na ƙarshe ƙusoshi biyu kawai na gani a wurin.