Tsofaffin taswirorin tsibirin Montague a topoView

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta buɗe wa kowa rumbun tsofaffin taswirorinta da aka buga tsakanin 1884 da 2006, kuma daga dandalinta na topoView na sauke na tsibirin Montague kyauta. Tsibiri ne dogo mai tsaunuka da dazuzzuka, ba gari a cikinsa, ya tare bakin mashigin ruwan Prince William a kudancin Alaska. Aikin ba shi da wahala: da ka taɓa wurin da kake so, sai bugu-bugun yankin su bayyana, kowanne da shekararsa da ma'auninsa.

Na fi daɗewa a kan masu ma'aunin 1:63,360, inda inci ɗaya ke matsayin mil ɗaya. An ɗauki hotonsu da kyau ƙwarai, domin ko da na faɗaɗa su sosai, siraran layukan nan masu ruwan ƙasa da ke nuna tsayi suna fita ɗaya bayan ɗaya, har a gangaren da suka cunkushe kamar za su haɗe.

Amma darajarsu ta gaskiya tana bakin ruwa ne. Ranar 27 ga Maris, 1964, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.2 ta ɗaga yankin Cape Cleare, a ƙarshen tsibirin ta kudu maso yamma, da kusan mita 10, har ƙasan teku ya fito fili ya bushe. Saboda haka duk taswirar da aka zana kafin wannan rana shaida ce ta gaɓar da babu ita yanzu, kuma ɗora ta a kan hoton tauraron ɗan Adam ya nuna mini abin da dogon bayani bai taɓa fahimtar da ni ba.

Sai dai a karanta ƙananan rubutun da ke gefen takardar, don shekarar bugawa ba lallai ta zama shekarar ɗaukar hotunan sama da aka yi zanen da su ba. Haka kuma tsofaffin an gina su ne a kan NAD27, wato tsohon tsarin tantance matsayin wuri a taswira, wanda bai yi daidai da na GPS ba. Ga ɗalibi da mai binciken tarihin ƙasa ina ba da shawararsu ba tare da shakka ba, amma mai tuƙa kwalekwale a wannan gaɓa ya nemi taswirar ruwa ta yanzu.