Mai awon filin da ya auna mana gonar gado

Duk mai shirin rabon gona a wajejen Dawakin Tofa, ina ba shi shawara ya nemi safiyo, wato mai awon fili, mai lasisi kafin ya saurari dillali. Wanda ya yi mana aiki wani matashi ne mai ƙaramin ofis a Kano, kuma na yaba da shi ƙwarai.

Matsalarmu ita ce kowa da ma'auninsa. Baffa takin ƙafa ya sani, da yawan damin geron da gonar ke bayarwa. Dillali fuloti yake ƙirgawa. Yayana da ke zaune a Maraɗi kuwa, in ba da mita ka yi masa magana ba, ba ya gamsuwa.

Abin da ya burge ni shi ne bai raina lissafin Baffa ba. Cewa ya yi: "Baba, don Allah ku taka mu gani." Ya ja tef ya auna taki goma na Baffa, sannan ya auna nawa, kowa ya ga da idonsa ba su zo ɗaya ba. Daga nan ya zagaya iyaka da na'urarsa, maƙwabta na tsaye, aka samu murabba'in mita 8,100.

Sai ya zauna a gindin ɗorawa ya warware mana. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, ke nan gonar eka biyu ce da 'yan kai. Hekta kuwa 10,000 ce, don haka ba mu kai hekta ɗaya ba, duk da a gida mun daɗe muna cewa mun haura. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, a lissafi gonar ta ba da 17. Dillali 16 ya ce, a kan fuloti takwas kowace eka. Safiyon ya bayyana cewa eka ta haura takwas da rabi, amma in za a yanka dole a fitar da hanya, kuma wannan magada ne za su yanke, ba mai saye ba.

Inda ya rage mini shi ne takardar da ya ba mu duk da Turanci take, sai da na sa ya rubuta wa Inna bayanin da Hausa. Kuɗinsa ma ba arha ba, amma bai kai rabin kuɗin fulotin da ya kusa salwanta ba.