Sharhi: Stellarium wajen zana matsayin duniyoyi

Stellarium manhaja ce ta kyauta mai nuna sararin samaniya, kuma bayan an sauke ta a kwamfuta ba ta buƙatar data. Ga ɗalibin Fiziks a Samaru wannan kaɗai ya isa dalili. Na gwada ta wajen fitar da matsayin duniyoyi da inda suke dosa, kuma na gamsu, da sharaɗi ɗaya: a saita ta tun farko.

A danna F6 a sa Zariya, kusan digiri 11.1 arewa da 7.7 gabas, agogo awa 1 gaba da GMT. In ba a yi ba, tana iya buɗewa da sararin wani gari, tsayin kowace duniya a sama ya fita ba daidai ba. Harafin A yana ɗauke iska, G yana ɗauke ƙasa.

Inda ta fi birge ni shi ne AstroCalc, sashen lissafin matsayin duniyoyi, a F10. A zaɓi Mars, daga Nuwamba 2024 zuwa Maris 2025, tazarar kwana 5. Ɗigogin da ke nuna matsayin Mars za su nufi gabas, su tsaya a farkon Disamba, su koma yamma har ƙarshen Fabrairu. Mars ba ta juya ba. Duniyarmu na gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa, Mars kusan 24, sai muka wuce ta a layin ciki, kamar yadda motar da aka tsere wa a hanyar Kano take zama tamkar tana ja da baya.

Matsalarta a nan take. Abin da take fara nunawa kallo ne daga ƙasa, kuma gabas na hannun hagu idan arewa na sama. Ɗalibai da yawa suna kwafe wannan a matsayin falaki, wato hanyar da duniya take bi wajen zagaya rana, sai kibiyar da ke nuna inda take dosa ta fita a juye. Sai an koma F6 an zaɓi Solar System Observer, wato kallon rana da duniyoyinta daga nesa, kafin a ga duniyoyin suna zagaya rana saɓanin hannun agogo, in an leƙo daga arewa.

Zane a takarda kuma dole ne. A ɗauki nisan rana da duniya santimita 5: Zahra 3.6, Mars 7.6. Mushtari na neman 26, ba za ta shiga A4 ba, sai a rage ma'auni. Kada a zana wa Mars cikakkiyar da'ira, don nisanta yana kai-komo tsakanin 6.9 da 8.3.

Tsohuwar kwamfuta takan yi nauyi da ita. Stellarium ta waya kuwa ba ta da AstroCalc, ta fi dacewa da gane tauraro a daren da hazo ya lafa.