Filtar sirinji ta RC, wata shida ina aiki da ita a HPLC

Salam 'yan uwa masu aikin lab. Wani ƙanenmu ɗalibi a Madina ya tambaye ni wace filta nake tace samfur da ita kafin in harba a injin HPLC, wato injin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur ya auna su, sai na ce bari in rubuta abin da na gani da idona.

Ina aiki a wani ɗakin gwajin magunguna a nan Jidda. Da farko wata filtar nailan mai araha aka siyo mana ta intanet, ko sunan kamfani babu a jikin kwalin. Wallahi ta ba mu wahala, sai ka ga wasu ƙananan tsini suna fitowa a sakamako waɗanda ba na maganin ba ne, mun wanke kolum (bututun injin mai cike da ƙananan ƙwayoyi da samfur ke bi ta ciki ya rarrabu) mun canza ruwa mun sake haɗa bafa (ruwan gishirin sinadari da ke hana tsamin ruwan injin canzawa) duk a banza, kusan sati biyu muna abu ɗaya, sai da duktur ɗinmu, Allah ya saka masa, ya ce a harba asitonaitiril (ruwan sinadari ne da ake narka samfur a ciki) zalla wanda aka tace da wanda ba a tace ba a gwada. Nan take asiri ya tonu, ashe filtar ce ke sakin nata dattin cikin samfur.

Daga nan muka koma Whatman SPARTAN, fatar ta RC ce wato selulos da aka sarrafa, mai faɗin milimita 13, ƙofofinta 0.45 mikron tunda ƙwayoyin kolum ɗinmu na mikron 5 ne. Abin da ya sa na so ta shi ne ba ta zaɓe, ruwa zalla yana wucewa, metanol ma haka, haɗin ruwa da asitonaitiril ma haka, kuma ba ta riƙe maganin a jikinta. Na auna kafin tacewa da bayan tacewa ban ga ragin da zai dame ni ba, tsinin nan kuma tun ranar ban sake ganinsu ba. Duk da haka ɗigon farko ina zubarwa kafin in cika ƙaramar kwalba.

Amma fa ba komai RC ke ɗauka ba, asid mai ƙarfi sosai kai shi filta mai fatar PTFE, wato robar Teflon. Ita kuma PTFE ta asali ba ta son ruwa, in ba ka jiƙa ta da metanol ba ko ɗigo ba zai wuce ba sai dai ka yi ta danna sirinji a banza. Filta mai fatar selulos asitet kuwa kar ka kusanta ta da asitonaitiril ko asiton, narkewa take. Masu aikin furotin su guji nailan don tana kama shi, filta mai fatar robar PVDF ta fi musu.

Wanda ke da UHPLC, wato HPLC mai matsi sosai, da kolum mai ƙwayoyi ƙasa da mikron 2 ya ɗauki filta mai ƙofofi 0.2 mikron kawai.

Ruwan da ke tafiya cikin injin kuma fatar milimita 47 nake sa wa da famfon zuƙa, musamman bafar fosfet, don da zafin Jidda ba ta jimawa ƙwayoyin cuta sun fara tsiro a ciki, matsin inji ya dinga hawa. Ni kullum sabuwa nake haɗawa.

RC ta fi nailan kuɗi kam, amma da na lissafa riyal nawa kolum ɗaya yake da sati biyun da muka rasa, kwali uku na sa aka ƙara mana a odar watan nan.