Magini ko Mai Zanen Gine-gine: Wace Hanya Yaro Zai Bi?

Ƙanena ya tsaya gindin Hasumiyar Gobarau da ke Katsina ya ce shi aikin kula da tsoffin gine-gine yake so. Hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko boko ce. Ya karanta zanen gine-gine ko injiniyanci, misali a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bautar ƙasa, ya nemi rajista da ARCON (hukumar rajistar masu zanen gine-gine) ko COREN (ta injiniyoyi). Daga nan sai neman aiki a Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, mai ofis a tsohuwar Kwalejin Katsina. Mai digiri a matakin albashi na 8 yake farawa. Albashin ba ya kai wa ƙarshen wata, amma akwai fansho, kuma izinin hukumar ake nema kafin a taɓa ginin tarihi. Guraben dai kaɗan ne, shi ya sa yawancinsu ke komawa zanen gidajen siminti.

Ta biyu kuwa, bin magini. Nan zuciyata ta fi karkata. Yaro zai fara da kwaɓa ƙasa da ƙafa, ya koyi murza tubali, ya san azarar giginya da gara ba ta ci, ya iya shafa makuba, wato yaɓen kare bango daga ruwa, kafin damina. Ɗaurin guga, wato rufin soro mai baka, sai an shekara ana kallon hannun maigida. Kuɗinsa na jinga ne: da rani aljihu cike, ruwa na sauka aiki ya tsaya, ba fansho. Amma in bangon fada ya tsage, shi ake aikawa a kira, kuma masu wannan hannu sai raguwa suke.

Na ce masa ya yi karatun, duk hutu kuma ya tuɓe takalmi ya shiga ramin kwaɓi.